Wai me ya sa Amurka take da ranar 'yanci har guda biyu?

Ɗan_Aji_Uku:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya, kuma kada a yi min dariya don ni tarihi ba fannina bane. Jiya da daddare ina zazzaga waya sai na ci karo da wani bidiyo, baƙaƙen fata ne a Amurka sun cika wani fili maƙil ana kiɗa ana gashin nama kowa da jan lemo a hannu, an rubuta wai bikin ranar 'yanci suke yi, 19 ga watan Yuni. To ni dai abin da na sani tun ina yaro ranar 'yancin Amurka 4 ga Yuli ce, wadda ake wasan tartsatsin wuta da dare. Ko dai sau biyu aka ba su 'yancin ne? Ko kuwa baƙaƙen ne suka ware tasu ranar saboda ba sa shiri da turawa? Na tambayi wani abokina yace min wai ranar ce shugaban ƙasa Lincoln ya 'yanta bayi, amma ni kamar na taɓa jin a watan Janairu ya yi wannan, har muka yi musu sosai. Sunan ma da suke kiran ranar, Juneteenth, ban gane kansa ba. Wanda ya sani dan Allah ya warware min.

Malam_Habu:

Wa'alaikumussalam. Ba abin dariya bane ɗan'uwa, su kansu Amurkawan da yawa ba su san da wannan ranar ba sai 'yan shekarun nan. A taƙaice 4 ga Yuli ranar da ƙasar ta ƙwaci kanta ce daga hannun Ingila, 19 ga Yuni kuma ranar da sojoji suka kai wa bayin jihar Teksas shelar cewa bauta ta ƙare, kuma tsakanin biyun kusan shekara 89.

Bari in ɗauko maka daga tushe. Kafin 1776 babu wata ƙasa mai suna Amurka, yankuna ne guda 13 jere a bakin tekun Atlantika ƙarƙashin sarkin Ingila George na 3. Haraji ne ya haɗa su faɗa. Ingila ta ci bashi har wuya a yaƙinta da Faransa wanda ya ƙare 1763, sai tace mutanen can su kawo nasu kason, aka ɗora haraji kan takardu, aka ɗora kan ganyen shayi, su kuma suka ce ba mu da ko wakili ɗaya a majalisar Landan to a kan me za a riƙa tatsarmu. A 1773 wasu suka hau jiragen ruwa a Boston cikin dare suka tuttular da akwatin shayi 342 a teku, 1775 kuma bindiga ta fara magana. Wakilan yankunan suka taru a Filadelfiya, ranar 2 ga Yuli 1776 suka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa, ranar 4 suka amince da takardar shelar, ita ce aka riƙe. Ingila dai ba ta haƙura ba sai 1783 da aka sa hannu a yarjejeniyar Paris.

To ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya rubuta wannan takarda, Thomas Jefferson, shi ya rubuta a ciki cewa duk mutane daidai aka halicce su, alhali shi kansa a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600. George Washington, shugaban ƙasar na farko, ma mai bayi ne, shi dai ya bar wasiyya a 'yanta waɗanda suke mallakinsa. Da aka zo rubuta kundin tsarin mulki a 1787 sai 'yan Kudu suka ce a ƙirga musu bayinsu wajen rabon kujerun majalisa, 'yan Arewa suka ce ai ku da bakinku kuka ce dukiya ne, ƙarshe aka daidaita cewa duk bawa 5 za a lissafa su a matsayin mutum 3. Wato ba ka da ƙuri'a amma kanka yana ƙara wa ubangidanka ƙarfi a majalisa.

Wasu a lokacin sun ɗauka bautar za ta mutu da kanta, sai a 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, auduga ta koma zinare, gandaye suka yi ta faɗaɗa a Jojiya da Alabama da Misisipi da Luwiziyana. An hana shigo da bayi daga Afirka a 1808 amma hakan bai rage komai ba, sai cinikin cikin gida ya kankama, a ɗauko mutum daga Bajiniya a raba shi da matarsa da 'ya'yansa a kai shi kasuwar New Orleans. A ƙidayar 1790 bayi wajen 700,000 ne, a ta 1860 sun kusa miliyan 4. Shi ya sa da aka gayyaci Frederick Douglass, wanda shi ma gudowa ya yi daga bauta, ya yi jawabin bikin 4 ga Yuli a garin Rochester a 1852, ya faɗa wa masu sauraronsa ƙiri-ƙiri cewa wannan ranar taku ce ba tawa ba.

Yanzu batun musunka da abokinka, kai ne da gaskiya. Lincoln ya ci zaɓe a Nuwamba 1860, jihohin Kudu suka fara ɓallewa kan batun bauta har suka kai 11, yaƙin basasa ya ɓarke a Afrilu 1861, shelar 'yanta bayi kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863. Amma shelar ta shafi yankunan 'yan tawaye ne, inda maganar Lincoln ba ta da wani tasiri sai in sojansa ya taka wajen da ƙafarsa. Teksas kuwa can ƙurya take, yaƙin bai taɓa ta sosai ba, har masu bayi daga wasu jihohin suka riƙa kwaso nasu suna kai su can don ɓoyo. Janar Lee na 'yan tawaye ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865, aka harbe Lincoln ranar 14 ya cika washegari, duk wannan bayin Teksas wajen 250,000 suna gandu suna aiki. Sai ranar 19 ga Yuni aka fitar da umarnin Janar Gordon Granger na sojan Arewa, wanda ya sauka tsibirin Galveston na Teksas da dakarunsa, cewa duk bayi sun zama 'yantattu. Kaga shekara biyu da rabi kenan bayan shelar, kuma Lincoln ɗin ma yana kabari. Sunan kuma ba wani abu bane, sunan watan Yuni da lamba 19 a bakin turanci aka cakuɗa suka zama kalma ɗaya.

Ɗan_Gwagwarmaya:

Malam ka yi bayani Allah ya saka, amma gsky ka yi wa Lincoln sassauci da yawa, ni wannan kambama shi da ake yi yana ba ni haushi. Mutumin nan fa a watan Agusta 1862 ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley wasiƙa yace da zai iya ceton haɗin kan ƙasar ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba da ya yi, to ina maganar tausayi a nan, dabarar yaƙi ce kawai, a karya tattalin arzikin Kudu a kuma hana Ingila da Faransa mara musu baya. In ba haka ba me ya hana shelar ta shafi Kentaki da Delaware da Maryland da Misuri, ai su ma da bayi a cikinsu, amma da yake ba su ɓalle ba sai aka kau da kai. A Kentaki da Delaware mutane sun ci gaba da zama bayi har bayan wannan 19 ga Yunin da ake ta biki a kai, sai Disamba 1865 da gyaran kundin tsarin mulki na 13 ya tabbata. To ashe ma ranar ba ita ce ƙarshen bautar ba.

Sannan ku je ku karanta umarnin Granger ɗin har ƙarshe ku ga. Bayan yace kun 'yantu sai ya ƙara da cewa ana shawartarku ku zauna shiru a inda kuke ku yi wa tsofaffin iyayengijinku aikin lada, kada ku taru a barikin soja, kuma ba za a ciyar da mai zaman kashe wando ba. Mutanen da suka shekara 200 da ɗoriya suna aikin banza kyauta su ake wa gargaɗi kan lalaci, wlh abin dariya abin takaici.

Kuma wa aka biya diyya? A birnin Washinton a 1862 da aka 'yanta bayin cikin birnin gwamnati ta biya kuɗi har dala 300 kan kowane bawa, amma ubangidan aka biya, ba bawan ba. Alƙawarin eka 40 na gona da Janar Sherman na sojan Arewa ya yi wa 'yantattu a Janairu 1865 a gaɓar Karolina ta Kudu da Jojiya, har ake cewa da alfadarin noma a kai, Andrew Johnson yana hawa mulki bayan Lincoln ya soke ya mayar wa 'yan tawayen gonakinsu, aka kori mutanen da sun riga sun shuka. Shi kansa gyaran na 13 an bar ƙofa a ciki, an haramta bauta sai dai in hukunci ne kan laifi, to sai jihohin Kudu suka ƙirƙiro laifuka, rashin aiki ma laifi ne, a kama ka a ɗaure a ba da hayarka ga mai ma'adinai ko mai gandu. Daga nan sai dokokin wariya, makaranta daban, motar haya daban, har famfon shan ruwa daban, kotun ƙoli ma ta sa musu albarka a 1896. Sai da Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujera a Montgomery a 1955 aka ƙaurace wa motocin bas kwana 381, sai da aka yi su Martin Luther King, kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965, shekara 100 cur bayan Galveston. Jihar Misisipi ma don wulaƙanci ba ta amince da gyaran na 13 ba sai 1995, takardun kuma ba a kammala su ba sai 2013.

Ni dai a ganina hutun kwana ɗaya shi ne abu mafi arha da gwamnati za ta iya bayarwa, shi ya sa ta bayar.

Ummu_Hanan:

Slm. Ni a Houston nake zaune shekara tara kenan, bari in faɗi abin da idona ya gani tunda maza sun cika mu da shekaru da lambobi lol.

Yaya Ɗan_Gwagwarmaya duk abin da ka lissafa haka yake ban musa ba, amma inda ka kuskure shi ne ɗaukar ranar kamar kyautar gwamnati. Ba gwamnati ta ƙirƙiro ta ba. Tun 1866 mutanen Teksas suke yin abinsu a coci-coci da bakin rafi, ba wanda ya ba su hutu, da aka hana su shiga wuraren shaƙatawar turawa sai wasu 'yantattun bayi a nan Houston ƙarƙashin wani fasto Jack Yates suka yi karo-karo a 1872 suka sayi fili eka 10 don kawai su samu inda za su yi wannan bikin. Filin yana nan har yau ana ce masa Emancipation Park, a unguwar Third Ward, nan nake kai yarana kowace shekara. Ka yi tunanin mutanen da shekara bakwai da suka wuce su kansu kayan sayarwa ne, yau sun haɗa 'yan kuɗinsu sun mallaki ƙasa da sunansu.

Shekarar farko da na je wata abokiyar aikina ce ta ja ni, dattijuwa ce ta haura sittin, ni a lokacin ko sunan ranar ban iya faɗa ba. Zafi kamar me, don Yunin Houston ba wasa bane ga gumi kamar an watsa maka ruwa, amma tsofaffi sun ci ado, mata da manyan huluna maza da kwat, na ce mata Anti wannan zafin da kwat? Tace min kakarta ta faɗa mata zamanin bauta ubangida ke yanke abin da za ka sa, tsumma ne sau ɗaya ko biyu a shekara, shi ya sa ranar nan sai ka sa mafi kyawun kayanka ko da za ka narke. Can aka kira wani yaro bai fi shekara goma sha biyu ba ya hau dandamali ya karanta umarnin Granger, wajen ya yi tsit, ita kuma tana riƙe da hannuna tana motsa baki tana bin sa don ta haddace. Da ya gama aka yi addu'a, sai kiɗa, sai abinci.

Jan lemon da ka gani ɗan'uwa ba haɗari bane, da gangan ne, komai ja ake so ranar, jan lemo, kankana, jan kek, har tsiran naman ma ja. Wasu suna cewa jinin kakanni ake tunawa, wasu kuma suna danganta shi da zoɓo da jan goro da kakannin suka sani tun kafin a ɗebo su daga Afirka ta Yamma, ranar da na fara jin haka sai da na yi murmushi.

Batun zamansa hutu kuma, Teksas ta mai da shi hutun jiha tun 1980, na tarayya ne ya daɗe. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta a Fort Worth, Opal Lee, tana 'yar shekara 12 a 1939 wasu gungun turawa suka ƙona gidan iyayenta don sun tare a unguwar farare, kuma ranar 19 ga Yuni abin ya faru. A 2016 tana da shekara 89 ta fara tattaki zuwa Washinton, gari-gari tana yin mil biyu da rabi a ƙafa don tuna shekara biyu da rabin da aka yi ana jira, tana tara sa hannun mutane. Bayan kisan George Floyd a 2020 magana ta yi zafi, majalisa ta amince, Biden ya rattaba hannu ranar 17 ga Yuni 2021 tana wajen tana da shekara 94. Rabon da a ƙara sabon hutun tarayya tun na Martin Luther King a 1983. To ka ce min matar nan abu mai arha ta samu?

Amma fa ba kowa ke hutawa ba, ma'aikatan tarayya da bankuna da gidan waya su ne a rufe, kamfanoni masu zaman kansu kowa da ra'ayinsa, maigidana ma yana zuwa aiki ranar. Kuma yanzu 'yan kasuwa sun shigo ciki, riguna da kofuna da rangwamen kaya, dattijuwar nan abin yana ƙona mata rai tace sun mai da hawayen kakarta talla.

4 ga Yuli kuwa na kowa da kowa ne, baƙaƙen ma suna yi, ba wai sun ƙaurace bane kamar yadda ka zata. Tuta a kowace ƙofa, gashi a bayan gida, da dare kuma tartsatsin wuta har kunne ya toshe karnukan maƙwabta su yi ta kuka har asuba, a New York ma har gasar cin burodi da tsiran nama ake yi a Coney Island ana nunawa a talabijin, abin ƙyama wlh ban iya kallo.

Sadiq_Littafi:

Ni kalma ɗaya ce take damuna a duk zancen nan, wai an ba su 'yanci, ko an 'yanta su, kamar suna zaune ne aka kawo musu a faranti. Tun farkon yaƙin bayi suka riƙa guduwa suna faɗawa sansanonin sojan Arewa dubbai-dubbai, su suka tilasta wa gwamnati ta yanke shawarar me za a yi da su. Bayan shelar 1863 kuma aka buɗe musu shiga soja, wajen mutum 180,000 baƙaƙe suka sa kaki a rundunar ƙasa, kusan kashi 10 cikin 100 na sojan Arewa kenan. Da farko ana biyan bature dala 13 a wata, baƙi dala 10 a cire 3 kuɗin kaki ya tashi da 7, sai 'yan runduna ta 54 ta Massachusetts suka ce in ba daidai ba to ba ma karɓa, suka yi sama da shekara suna yaƙi ba albashi har majalisa ta daidaita a 1864. Harriet Tubman, wadda ita ma gudowa ta yi, a Yuni 1863 ta raka sojoji cikin jirage a kogin Combahee suka kwaso bayi sama da 700 a dare ɗaya. Cikin dakarun da aka tura Teksas a 1865 ma akwai rundunonin baƙaƙe.

Wani abu da zai ba ku mamaki, a runduna ta 55 ta Massachusetts akwai wani ɗan Barno. Sunansa Muhammad Ali ɗan Sa'id, an haife shi a Kukawa, an kama shi yana saurayi aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus da Istanbul har Rasha inda aka raɗa masa Nicholas, ya zaga Turai yana hidimar wani basarake ya iya harsuna rututu, ya iso Amurka yana ɗa ba bawa ba, a 1863 ya shiga soja da ƙafarsa. Bayan yaƙi ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattu, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1873. Ku nemi Nicholas Said za ku gani.

Akwai kuma Umar ɗan Sa'id, shi malami ne daga Futa Toro, an kawo shi Charleston a 1807 gab da rufe cinikin, ya gudu aka kama shi aka kulle a Fayetteville ta Karolina ta Arewa, a nan ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku mutanen gari suna zuwa kallo. A 1831 ya rubuta labarinsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk, Tabarakallazi biyadihil mulku, ni dai a raina nace bawan da ya zaɓi ya fara da cewa mulki a hannun Allah yake ya san me yake faɗa wa masu cewa sun mallake shi. Rubutun yana ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka yanzu. Shi bai ga 'yancin ba, ya rasu yana bawa yaƙin bai ƙare ba.

Malam_Habu:

Madalla da Hajiya da Sadiq, kun cike inda na bari. Ɗan_Gwagwarmaya wasiƙar da ka kawo gaskiya ce, amma ka manta ka faɗi cewa lokacin da ya rubuta ta daftarin shelar yana aljihun teburinsa, ya riga ya nuna wa ministocinsa tun watan Yuli, yana jiran sojansa su ci wata nasara ne kada a ce ihun wanda ya sha kaye ne, da aka yi gumurzun Antietam a Satumba sai ya fitar. Kuma jihohin da ka lissafa, shi a fahimtarsa ikon yaƙi ne kawai ya ba shi damar taɓa dukiyar 'yan tawaye, wanda bai yi tawaye ba sai an gyara kundi, shi ya sa ya matsa lamba har majalisar wakilai ta amince da gyaran na 13 ranar 31 ga Janairu 1865. Ban ce waliyyi bane, ya daɗe yana tunanin a kwashe baƙaƙe a kai su wata ƙasa, wannan yana cikin tarihinsa. Amma mutum ne da ya riƙa canzawa, jawabinsa na ƙarshe ranar 11 ga Afrilu 1865 ya goyi bayan a ba wasu baƙaƙe ƙuri'a musamman waɗanda suka yi soja, John Wilkes Booth yana cikin taron yana ji, bayan kwana uku ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford.

Sannan gyara ɗaya ga masu yaɗa cewa wai labari ne bai isa Teksas ba, har ana cewa an kashe ɗan aiken a hanya. Wannan tatsuniya ce, jaridun Teksas sun buga maganar shelar tun lokacinta, iyayengiji sun sani, bayi da yawa ma sun ji ƙishin-ƙishin, abin da babu shi ne mai bindigar da zai tilasta. Ko bayan 19 ga Yunin ma wasu masu gandu sun danne maganar sai da aka gama girbin auduga, wasu bayin da suka kama hanya an bi su an kashe.

Ɗan_Aji_Uku tunda kai ɗalibi ne ga wata ta nishaɗi ka riƙe, Jefferson da John Adams, shugaba na 3 da na 2, rana ɗaya suka mutu, 4 ga Yuli 1826, ranar da takardar ta cika shekara 50 daidai. Adams ɗin shi bai taɓa mallakar bawa ba, kuma shi ne ya rubuta wa matarsa a 1776 cewa 2 ga Yuli za a riƙa biki har abada, ya yi kuskure da kwana biyu.

Ɗan_Gwagwarmaya:

Toh Malam na ji, na Antietam ɗin ban san da shi ba. Hajiya ke ma na karɓa, in dai mutanen da kansu suka sayi filin to ranarsu ce ba ta gwamnati ba, na janye kalmar arha. Amma eka 40 ɗin nan fa har yau ba a biya ba, a nan nake tsaye.

Ɗan_Aji_Uku:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi, na tura wa abokin nawa duka yace wai shi ma Janairun yake nufi, ƙarya yake wlh. Yaya Sadiq wannan ɗan Barnon zan neme shi yau ɗin nan. Anti Ummu_Hanan tambaya ta ƙarshe, naman da suke gasawa a wajen kina iya ci kuwa?

Ummu_Hanan:

Hhh ina fa, rabinsa haƙarƙarin alade ne, sauran ma a kan waya ɗaya ake gasa su. Da kulata nake zuwa, kankana da jan lemon kawai nake karɓa. Bara dai dattijuwar nan ta sayo min kaza daga shagon halal ta gasa daban a gida ta naɗo a takarda, tace ba za a yi ranar nan in koma da yunwa ba.